Mudu Daban, Sikeli Daban: Jawabi a Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai

 

An nemi in yi magana a kan wani abu na kimiyya da zai amfane mu a gida da wurin aiki. Na zaɓi awo, musamman yadda ake juya nauyin abu daga awon Ingilishi zuwa awon mita.

Duk wanda ya tashi a Karare, ko ya saba cin kasuwar Batsari da ta Safana, ya san mudun gero da mudun gyaɗa mai ɓawo cikarsu ɗaya, amma in ka ɗaga su hannunka zai faɗa maka ba nauyinsu ɗaya ba. Mudu da tiya da galan da lita cika suke aunawa. Sikeli kuwa nauyi yake aunawa, da laba ko da kilo. Abin da ke haɗa su shi ne nauyin da abu ke da shi a cikin ma'auni guda, wanda malaman kimiyya ke kira densiti.

Nijeriya ta gaji laba da ƙafa da galan daga Turawan mulkin mallaka. A 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kobo, a 1974 kuma aka kafa dokar awo wadda ta tabbatar da kilo da mita da lita. Amma doka ba ta share tsohon awo daga bakin jama'a ba. Magini na auna bulo da inci, tela na yanka yadi, mai tanki na lissafi da galan, kuma tsofaffin littattafan gini da takardun injunan da ke zuwa daga Amurka da laba da ƙafa suke magana.

Mu fara da ruwa, domin shi ne ma'aunin sauran. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi yana cin lita 1,000, watau tan ɗaya. Akwati mai ƙafa ɗaya ta kowane gefe kuwa lita 28 da 'yan kai yake ci, nauyin ruwansa laba 62.4. Saboda haka ga ƙa'ida ta farko: in an ba ka laba a akwatin ƙafa, ninka sau 16, za ka sami kilo a akwatin mita. Kankare mai laba 150 ya zama kilo 2,400 ke nan.

Ƙa'ida ta biyu ta shafi galan, kuma nan ne tarko yake, domin galan iri biyu ne. Na Ingila lita 4.546 ne, ruwansa laba 10. Na Amurka lita 3.785 ne, ruwansa laba 8.34. In na Ingila ne, raba labar gida 10 ka sami kilo a lita. In na Amurka ne, ninka ta da 0.12.

A ce ƙungiyarmu ta yi niyyar kafa wa makaranta tankin ruwa mai galan 2,000. In galan na Ingila ne, lita 9,092 ke nan, nauyin ruwan ya haura tan 9. In na Amurka ne, lita 7,570 ne kawai. Wanda bai tambaya ba, ko dai a rage masa lita 1,500 bai sani ba, ko ya gina ginshiƙin tan bakwai da rabi ya ɗora masa tan tara, yara na wasa a ƙarƙashi. Allah ya kiyaye.

Sai kuma mu tuna ruwa kaɗai ne litarsa ta yi daidai da kilo. Litar man gyaɗa wajen kilo 0.92 ce, don haka jarka mai lita 25 kilo 23 take ɗauka. Litar kananzir wajen 0.8, ta fetur wajen 0.74. Uwargida mai matsar ƙuli da za ta sayar wa mai saye da sikeli tana bukatar sanin wannan kafin a tsayar da farashi.

Kada wani ya ce wannan kuskuren ƙauye ne. Ranar 23 ga Yuli, 1983, jirgin saman kamfanin Air Canada ƙirar Boeing 767 ya tashi daga Montreal zuwa Edmonton a ƙasar Kanada. Yana bukatar mai kilo 22,300. Masu lissafi suka ninka lita da 1.77, wanda shi ne laba a lita, maimakon 0.8 na kilo. Jirgin ya tashi da abin da bai kai rabin man da ake bukata ba, injuna biyun suka mutu a sararin sama. Da kyar matuƙin ya lallaɓa ya sauke shi a tsohon filin jirgin soja na Gimli, mutum 69 suka tsira da ransu. Lissafinsu bai karkace ba, sunan awon ne ya ɓace musu.

Don haka, ƙannena ɗalibai, kada ku rubuta lamba ku bar ta ba suna, ko a jarrabawa ko a takardar aiki. Mu kuma da ke sa hannu a takardun ofis, kafin mu amince da wata lamba mu tambaya: kilo ne ko laba, kuma galan na wace ƙasa? An ce matambayi ba ya ɓata.