Hawan Sallah da Tukunyar Gari



A Amurka mutane kan biya kuɗi su shiga bikin da ake kwaikwayon Turai ta dā, da sulke da takubba. Namu tarihin kuwa yana nan da ransa. Ranar Sallah, idan Sarkin Katsinar Maraɗi ko Sarkin Gobir na Tibiri ya hau, ga dawakai cikin ado, ga kakaki da algaita da tambura, ga maroƙa suna jero sunayen magabata. A 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin gadon al'adun duniya.

To, wanda ya je kallo, kada ya wuce masu abincin gari. Mai waina tun asuba take gaban tanda. Mai fura ta jiƙa gero, ta daka, ta cura. Mai kilishi ya yanyana nama, ya shanya, ya tsoma a tunkuza, sannan ya gasa. Cinikin wannan rana ne ke ɗinka wa 'ya'yansu sutura.

Don haka mu kai yaranmu su ga hawa, mu ci a wurin namu, mu biya da daɗin rai.