ALLURAR ƘARIN RUWA DA KUMBURIN JIJIYA: ABIN DA MAI JINYA ZAI SA WA IDO

Wannan jawabi ne da ɗaya daga cikin ma'aikatan wannan shafi ya yi a wani taron masu fasa dutse da direbobin tifa a Mpape, cikin yankin Bwari ta Abuja. Mun buga shi domin 'yan'uwanmu mazauna Sabon Badun, da Agege, da Shagamu, da Anaca, da Fatakwal, gama su ma jinyar baƙunci suke yi kamar mutanen Mpape.



Tun da farko ina so in fita haƙƙinku: ni ba likita ba ne, aikina gyaran rubutu a jarida. Abin da ya ba ni ƙarfin halin tsayawa gabanku yau shi ne kwana 11 da na yi bisa tabarma a gindin gadon ƙanena, wanda yake neman abincinsa cikin duwatsun nan tare da ku. Zazzaɓi ya kayar da shi, ga amai ba tsayawa, muka gangara da shi wani asibiti da tsakar dare. Aka sa masa allurar ƙarin ruwa cikin gaggawa a wuyan hannunsa na hagu. Kwana uku zazzaɓi ya sauka, aka sauke ledar ruwa, amma aka bar allurar a hannu ko za a sake bukatarta. A rana ta huɗu ya ce mini wurin yana masa zugi. Na ce da shi ya daure, ai shi namiji ne. A rana ta biyar, ranar da muke sa ran sallama, sai ga jiki ya sake ɗaukar zafi, hannu ya suntuma, jijiya ta sandare kamar an cusa igiya ƙarƙashin fata. Muka ce zazzaɓin sauro ne ya komo. Ashe hannun ne. Kwana shida muka ƙara, da kuɗin magani sabo, shi kuma ya yi makonni bai iya riƙe guduma ba. Idan za a raba laifin, to, kasona ba ƙarami ba ne, domin ni ya fara gaya wa.

Bayan haka ne na shiga tambayar ma'aikatan jinya da karanta abin da masana suka rubuta, kuma shi na kawo muku.

Da yawa daga cikinmu suna zaton ƙarfe ne ake bari cikin jijiya. A'a. Ƙarfen jagora ne kawai, da ya huda ake zare shi, a bar wata siririyar roba wadda ma'aikatan asibiti ke kira kanula. Dabarar zuba ruwan gishiri cikin jijiya tsohuwa ce, wani likita Thomas Latta ya gwada ta a Sikotilan a 1832 lokacin annobar kwalara. Ita kuwa allurar roba, Dokta David Massa na asibitin Mayo a Amurka ne ya fito da ita a 1950. Rayukan da ta ceta Allah kaɗai ya san iyakarsu, kada wani ya fita daga nan ya ce na ce a guje ta. Amma cikin jijiya wuri ne mai laushi ƙwarai, ba ya son baƙo. Idan robar ta dame shi sai ya fusata: zafi, ja, kumburi, ɗumi a wurin, daga baya jijiyar ta taurare, wani lokaci jini ya daskare a ciki. Ga mai duhun fata irin yawancinmu jan ba ya fitowa sosai, saboda haka kada a tsaya jiran ganin ja. Zugin da majiyyaci ya faɗa shi ne shaida ta farko.

To, me ke jawo shi?

Abu na farko shi ne inda aka sa ta. Duk wurin da ke lanƙwasawa, watau wuyan hannu da cikin gwiwar hannu, yana sa robar ta yi ta gogar bangon jijiya duk sa'ad da mutum ya motsa. Ƙafa kuwa ta fi su duka hatsari ga babban mutum, ba a son zuwa can sai in dole ta sa. Wurin da masana suka fi yabawa shi ne tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, inda ƙashi ya miƙe ya tallafe ta. Girman robar ma yana da nasa. Kun lura da launin kanta? Koriya lamba 18 ce, mai ruwan hoda 20, shuɗiya 22, rawaya 24, kuma gwargwadon hawan lamba gwargwadon sirantaka. Wanda dutse ya faɗo wa yana zubar da jini, tilas a sa masa mai kauri don jini ko ruwa ya shiga da sauri. Amma babbar roba cikin ƙaramar jijiya tana cika ta fam, jini ya rasa hanyar ratsawa ta gefe, kumburi ya zo da wuri.

Akwai wata magana a nan wadda ta shafe mu musamman, ban kuwa same ta a littattafan Turawa ba. Ma'aikacin jinya yakan zaɓi hannun hagu don ya bar wa mutum dama ya ci abinci. Niyyarsa kyakkyawa ce. Sai dai mu da hagu muke tsarki. Majiyyaci ya ɗauki buta ya shiga bayan gida da kanula a bayan hannun hagu, ya fito filasta ta jiƙe sharkaf, da wane irin ruwa kuwa ba sai na faɗa ba. Filasta mai laima gida ce ga ƙwayoyin cuta, ramin da allura ta huda kuma ƙofa ce buɗe zuwa cikin jini. Don haka in hali ya yi, a roƙi a sa ta sama da wuyan hannu. In filasta ta jiƙe, ko ta yi dauɗa, ko gumi ya ɗaga ta, a faɗa a sake wata, kada a tofa mata yawu a manna. Batun alwala kuma, malamanmu suna da hukuncin shafa bisa ɗauri da na taimama ga mara lafiya, a tambaye su. Kada mutum ya yi ta kwarara ruwa a wurin sau biyar a yini.

Mu ma masu zuwa dubiya muna da namu. Mutum ya taso daga wurin fasa dutse, ƙura har gashin ido, ya zo ya kama hannun ɗan'uwa yana jujjuya shi yana sannu. Zumunci ne, ba shakka, amma a wanke hannu da sabulu tukuna, a kuma bar wurin allura ya huta. Ƙwayar cutar da ta fi ɓarna a wannan sha'ani, wadda ake kira sitafilokokus, a fatar mutum take zaune, tamu da ta majiyyaci da ta ma'aikaci. In ta bi robar ta shiga jini tana iya kaiwa har zuciya da ƙashi, tana iya kisa.

Sai kuma abin da ake zubawa. Waɗansu magunguna suna ƙona jijiya: fotasiyam, da ruwan sukari mai kauri, da waɗansu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su bankomaisin. Shi ya sa ake sirka su da ruwa, a ƙayyade ɗigon da zai sauka cikin minti. Na ga da idona ɗan'uwan wani majiyyaci ya gaji da jira, ya miƙa hannu ya murza ɗan wilin nan na jikin tiyo don leda ta ƙare su tafi gida. Jama'a, wannan ganganci ne. Ban da ƙona jijiya, fotasiyam in ya shiga da gudu yana iya tsayar da zuciya. Wilin nan ba namu ba ne.

Tsofaffi, da masu ciwon sukari, da wanda ciwo ya daɗe yana ci har jijiyoyinsa suka sha suka, sun fi saurin kamuwa, sai a ninka musu lura.

Yanzu ga batun kwanaki, wanda shi ne ya ci ƙanena. Shekara da shekaru ƙa'idar asibitoci ita ce a canja kanula bayan kwana uku ko huɗu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, cikin jagoranta na 2011, ta ce ba a bukatar canja ta ga manya kafin awa 72 zuwa 96, amma wadda aka sa cikin gaggawa ba tare da cikakkiyar tsabta ba a sake ta kafin awa 48. Sa'an nan a 2012 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a Ostireliya kan majiyyata 3,283. An raba su biyu, waɗansu ana canja musu bisa lissafin kwanaki, waɗansu kuwa sai an ga dalili. Kumburin jijiya ya kama mutum 7 cikin 100 a kowane ɓangare. Watau lissafin kwanaki kaɗai ba shi ne kariya ba, dubawa ita ce. Amma ku lura, a can duba wurin allura aiki ne da ake yi a kai a kai, a rubuta. A ɗakin da ma'aikaciyar jinya ɗaya take fama da gadaje masu yawa cikin dare, ba don sakaci ba sai don aiki ya fi ƙarfinta, idon da ya rage shi ne na wanda ke zaune bisa tabarma. Mu kuwa da muke ci-rani, ba uwa ba mata a kusa, wannan mutumin abokin ɗaki ne ko ɗan garinku, wanda watakila bai taɓa jinya ba.

Saboda haka mai jinya ya riƙe ranar da aka sa allura, ko da a bayan katin asibiti ne ya rubuta. Safe da yamma ya dubi wurin, ya tambayi majiyyaci ko yana jin zafi, musamman lokacin da ake tura magani. In ruwa ya daina sauka, ko wurin yana tsatsafa, ko ya kumbura, ya faɗa nan take. In kuwa an yini an kwana ba a zuba kome ta cikinta ba, ya tambaya cikin ladabi: "Sista, har yanzu ana bukatar wannan, ko za a iya cire ta?" Ba rashin kunya ba ne, ma'aikacin kirki ma murna zai yi. Robar da ba ta aiki ba ta da amfanin kome sai hatsari.

Bari in ɗan ratse zuwa wata al'ada da ta yi mana katutu, a nan Mpape da sauran unguwannin baƙi. Mutum ya ji kasala bayan aikin mako, sai ya ce a kira masa yaron kemis ya ƙara masa leda biyu ya ji ƙarfi. A rataye leda jikin ƙusa a ɗaki, ga ƙura tana shigowa ta taga. Lasisin masu shagon sayar da magani a Nijeriya bai ba su ikon yin allura ba, balle ƙarin ruwa. Kuma me ke cikin ledar? Ledar rabin lita ta ruwan sukari mai kashi 5 cikin 100 tana ɗauke da giram 25 na sukari, watau wajen ƙaramin cokali shida, bai ma kai na cikin kwalbar lemo guda ba. Ta ruwan gishiri kuwa giram 4 da rabi na gishiri ne. Ba ta ƙara jini, ba ta ƙara ƙarfi. Wanda yake iya haɗiya, kwanon koko da ruwan gishiri da sukari sun fi masa, ba tare da an huda masa jijiya ba. Ƙarin ruwa na wanda ba ya iya sha ne, ko wanda ruwan jikinsa ya ƙare, ko mai bukatar maganin da sai ta jijiya.

In kumburin ya riga ya auku, maganinsa na farko shi ne a cire robar, in ana bukatar wata a sa a ɗaya hannun. A ɗaga hannu bisa matashi, a riƙa ɗora tsumma mai tsabta mai ɗumi. Kada a murza, kada a kai wa wanzami ya tsaga, kada a shafa man zafi bisa ramin allura. Yawanci yakan lafa cikin 'yan kwanaki, ko da yake taurin jijiyar yana iya ɗaukar makonni. Ku sani kuma yana iya tasowa kwana ɗaya ko biyu bayan an cire allura, mutum yana gida. In aka ga mugunya, ko jan yana hawa sama zuwa kafaɗa, ko zazzaɓi da rawar ɗari suka zo, to, ba kemis za a nufa a sayi maganin zazzaɓin sauro ba. A koma asibiti a ranar, a nuna hannun, a faɗi ranar da aka sa allura da ranar da aka cire ta.

Shugaban taro, na ga ƙanen nawa yana zaune can baya. Ya yarda duk mai son ganin inda jijiyar ta taurare ya zo ya taɓa bayan an tashi, don ya gane ta in ya gamu da ita.