Katin da Aka Ce Ba Shi da Iyaka



An ce in yi magana a kan harkar kuɗi, kada in wuce minti goma. To, zan ɗauki abu guda, wato wani kati da 'yan uwanmu masu fita waje suke dawo mana da labarinsa, wai ba shi da iyaka.

Katin da yawancinmu muke miƙa wa mai POS, irin su Verve, kuɗinmu ne a ciki. In sun ƙare magana ta ƙare. Akwai kuma katin bashi, wanda banki yake yanka wa mutum adadin da zai ci, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan da kuɗin ruwa. Na uku shi ne namu na yau. Kamfanin Diners Club ne ya fito da shi a Amurka a 1950, American Express ya biyo baya a 1958. Sharaɗinsa na asali shi ne ka saya, kamfani ya biya, wata ya ƙare ka biya duka. Ba a rubuta maka adadi, shi ya sa ake cewa ba iyaka.

Amma iyaka tana nan. Ba a faɗa maka ita ne kawai, kuma ba ta tsayawa wuri ɗaya.

Mu mutanen Kunci wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yaron da ya bar gona ya shiga Kantin Kwari, ba a cewa da shi, “Ga iyakarka.” Maigida zai ba shi turmin atamfa biyar ya gani. In ya kawo ciniki ranar da ya ce, gobe goma ne. A kwana a tashi sai ka ga ana buɗe masa dila ba takarda. Ranar da ya yi latti kuwa, ba wanda zai yi masa faɗa; zai zo ne a ce masa, “Wallahi kaya sun yi ƙaranci.” Shi ke nan, iyaka ta sauko.

Haka katin nan yake, sai dai maigidan kwamfuta ce. Duk sa'ad da aka saka katin, cikin ƙiftawar ido za ta duba abin da ka saba kashewa, da yadda kake biya, da abin da kamfani ya sani na samunka, da basussukan da ake bin ka a wasu wurare. Kowane ciniki da nasa hukunci. Tana iya amincewa da babban sayayya yau, wata mai zuwa ta ƙi wanda bai kai shi ba.

Ga inda nake ganin maigidan Kwari ya fi kwamfuta. Ku ɗauki mai sayen hatsi yana kaiwa Dawanau. Da damina hannunsa a naɗe yake, da kaka kuwa cikin mako guda zai sayi gero da dawa da gyaɗa na abin da bai kashe a wata shida ba. Mutum ya san kaka ta yi. Na'ura kuwa tsalle kawai ta gani, tana iya zaton ɓarawo ne ya tsinci katin, ta tsayar da ciniki, ga mota an yi lodi, ga direba yana jira.

Don haka masu riƙe da shi ba sa shiga babban ciniki da ka. American Express ya tanadi hanyar da mutum zai rubuta adadin da yake shirin kashewa, a gaya masa ko zai wuce. Wasu kuma sukan fara biyan abin da ke kansu kafin wata ya ƙare, domin hanya ta buɗe.

Kuma ba kyauta ba ne. Akwai kuɗin shekara, akwai tarar jinkiri, in abin ya yi tsawo a rufe katin. Hukuncin wannan tara a shari'a, na bar wa malaminmu na Arabiyya, ga shi can yana murmushi.

Shugaba, na ga kana duba agogo.