Jawabin Ranar Bikin Ƙungiya: 'Ya'yanmu da Karatun Waje

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, da iyayen gida da suka daure suka zauna can baya, sannunku da zuwa. Allah ya maimaita mana.

Bana mun ajiye maganar taki da bashin injin niƙa, za mu taɓa wata da ta fara shigo mana gida. Yarinya tana jami'a a Kano ko Zariya, ta zo hutu ta ce, "Umma, akwai hanyar zuwa waje fa." Mu kuma mu yi tsuru, don ba mu san kan zancen ba.

To, hanyar ba ɗaya ba ce. Akwai musayar ɗalibai: jami'ar nan ta ƙulla yarjejeniya da wata a waje, ɗaliba ta je zango ɗaya ko biyu, ta dawo a lissafa mata makin da ta samo, digirinta kuma na jami'arta ta gida ne. Turai na da irin wannan shiri, Erasmus, tun 1987, yanzu har 'yan Afirka yana ɗauka. Guraben ba su da yawa, kuma ta cikin jami'a ake bi. Duk wanda ya zo zaure da jaka ya ce a sayar da gona zai fitar da yarinya, a tambaye shi wace jami'a, wane ofishi, sannan a je a gani da ido.

Wadda muka fi ji ita ce ta gwamnatin jiha. Tsakanin 2011 da 2015 Kwankwaso ya tura ɗalibai da yawa, har da masu koyon tuƙin jirgin sama a Jodan. A 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta dawo da shirin, ta sanar da gurabe 1,001 na digiri na biyu, aka fara kai su Indiya da Uganda. Wa aka nema? Masu sakamako mai daraja ta ɗaya. Kun ga ke nan ba a filin jirgin Malam Aminu Kano tafiyar ke farawa ba, a nan Fulatan take farawa. Yarinyar da muke ɗora wa talla ranar makaranta, ko mu riƙe ta duk kaka tana ɓarzar masara, ta ina za ta kamo 'yar birni mai malamin gida?

Ba za mu ɓoye ɗacin ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, a motoci aka kwaso ɗalibanmu zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a can kafin a bar su su wuce. Waɗanda gwamnatin tarayya ta tura Rasha da Maroko sun yi watanni ba alawus, kuma a 2025 aka ce an daina tura sababbi. Don haka idan Malam ya ce, "Wa zai kula min da ita?" ba ƙin karatu ba ne, tambaya ce mai nauyi. Amma Malam, in an kai mu asibiti haihuwa, ai kai ne na farko da ke cewa a nemo likita mace. Ita ma 'yar wani ce da ya daure.

Abin da ke hannunmu ƙananan abubuwa ne, su ne kuma ke kayar da yara. Takardar haihuwa, takardar shaidar ƙaramar hukuma, lambar NIN, fasfo. Sunan da ke jikin NECO ya zama shi ne a JAMB, shi ne a NIN. Hauwa a nan, Hauwa'u a can, sai ku ga gurbi ya wuce ana ta zaryar gyara. Fasfo kuwa sai an je Kano, ga kuɗin mota, ga jira, alhali sanarwa ba ta jiran kowa.

Shawarar kwamiti ita ce mu ware wani abu daga ribar bana mu buɗe asusun takardu. 'Yar mamba ko ɗanta da ke jami'a za su iya ranta, ba ruwa, a biya bayan kaka. Wasu sun ce gara a ƙara jarin gyaɗa, kuma maganarsu abar dubawa ce. Bayan la'asar za mu ɗaga hannu a kai. Mai ɗa ko 'ya a jami'a ta ba sakatariya suna da ajin da yake kafin a raba abinci.