Minshari: Abin da Mai Barci Ba Ya Ji



Mun saba haɗuwa a kan awon damtsen yaro da abincin masu tamowa. Yau kuwa zancen manya ne, wato minshari. A gidajenmu abin dariya ne, mai yin sa kuma har rantsuwa yake bai taɓa yi ba. Da gaskiyarsa, mai barci ba ya jin kansa. Shi ya sa wadda ke kwance kusa da shi ita ce shaidar farko da likita ke buƙata.

Idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro yakan saki, hanyar iska ta ƙuntata, ganɗa da beli su riƙa kaɗawa. Ƙarar da muke ji ke nan. Ƙiba tana ƙara ta, musamman kaurin wuya. Haka ma kwanciya rigingine, toshewar hanci a lokacin ƙurar hunturu, taba, giya da ƙwayoyin barci.

Ku saurara da kyau. Minsharin da ya fi ban tsoro shi ne mai yankewa: a ji shiru na daƙiƙa 10 ko fiye, sannan mutum ya ja iska da ƙarfi kamar an shaƙe shi. Numfashinsa ne ke tsayawa, sau da yawa a dare guda. Yakan tashi da ciwon kai da busasshen baki, ya yini yana gyangyaɗi. Idan aka daɗe a haka, yana iya jawo hawan jini, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. In direba ne ko ɗan kabu-kabu, ba ransa kaɗai ke cikin haɗari ba. A lallaɓa shi ya je likita a auna jininsa, a duba hanci da maƙogwaro, ke kuma ki faɗi abin da kika ji. Kafin nan ya riƙa kwana a gefe, ya ɗaga kai kaɗan, ya bar taba, ya rage mai da sukari in yana da ƙiba.

Mai juna biyu kuwa, kada ta rage abinci saboda minshari. Ita da ɗan cikinta suna buƙatarsa. Amma wadda ba ta yi a da, ta fara bayan ciki ya tsufa, ta faɗa wa ungozoma a wurin awo, domin yakan zo tare da hawan jinin ciki. In ya haɗu da kumburin fuska da hannuwa, ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, kada a jira ranar awo. A kai ta CSI a ranar, ko da dare ne.

Wata roƙo kuma: kada a kai babba ko yaro wurin wanzami a cire masa beli da sunan maganin minshari. Askar na iya jawo zubar jini da shigar cuta, numfashin kuma ya ci gaba da tsayawa kamar da.