Masassaƙin Zamani da Sana'ar Wasannin Wayar Hannu



Maƙasudin wannan lacca shi ne a yi bayani game da wata sana'a wadda jama'a ke cin moriyarta kullum, amma ba safai ake sanin mai yin ta ba, wato sana'ar ƙera siffofi masu jiki domin wasannin wayar hannu. Abin da ake nufi da siffa mai jiki shi ne wadda ke da tsawo da faɗi da kauri, har a iya juya ta a ga gabanta da bayanta, saɓanin zanen takarda. Mai wannan aiki kuwa masassaƙi ne, illa dai kwamfuta ce gizagonsa.

Sana'ar ba ta daɗe ba. A shekarar 1997 kamfanin Nokia ya sa wasan Snake a cikin wayoyinsa, wanda bai wuce 'yan ɗigo baƙaƙe masu tafiya a kan gilashi ba. Da wayar iPhone ta fito a 2007, aka kuma buɗe kasuwannin manhaja na Apple da Android a 2008, sai ƙofa ta buɗe ga ƙananan kamfanoni. Wasan Temple Run na 2011 da Subway Surfers, wanda aka yi a ƙasar Denmak a 2012, sun nuna cewa waya na iya ɗaukar duniya mai jiki. Daga nan aka kai ga irin su PUBG Mobile a 2018.

Aikin yana da matakai. Da fari mai zane zai zana kamannin abin da ake so, alal misali mahayi da dokinsa. Sai masassaƙin ya gina jikin daga ƙananan alwatika masu yawa da aka harhaɗa, domin na'ura da alwatika take lissafin kowace siffa. Bayan haka sai a feɗe siffar, a shimfiɗa fatarta kamar yadda majemi ke shanya kirgi, a shafa mata launi, a mayar a jiki. Daga ƙarshe a sa mata ƙasusuwa da gaɓoɓi a ciki don ta iya motsi, sannan a miƙa ta ga masu tsara wasan a injin Unity ko Unreal.

To, ina wahalar take? Tana ga lokaci. Domin ido ya ga motsi sumul, wajibi ne waya ta zana hoto sabo aƙalla sau 30 a cikin sakan guda, wato kowane hoto yana da kashi ɗaya bisa talatin na sakan. Idan siffofi suka yi nauyi, sai wasa ya riƙa sarƙewa, waya ta ɗauki zafi, ta rage gudunta da kanta, batir kuma ya ƙare. Mai shirya fim yana iya barin kwamfuta ta kwana tana lissafin hoto guda. Mai wasan waya ba shi da wannan sarari. Haka ma ma'adanar waya: hoton fata mai ɗigo 1024 a tsaye da 1024 a kwance yana cin megabayit 4 idan ba a matse shi ba, in aka ninka kowane gefe kuma sai ya koma 16.

Saboda haka gwanintar wannan masassaƙi tana ga sanin abin da zai rage. Daidai ruwa, daidai tsaki. Wata dabara ita ce a fara sassaƙa siffa da alwatika miliyoyi, da duk tamojin fuska da naɗin rawani, sa'an nan a kwashe wannan daki-daki a mayar da shi hoto, a liƙa a kan siffa mai alwatika 'yan dubbai. Haske zai faɗa a kanta kamar tamojin na nan, alhali kuwa jikin sumul yake. Wata dabarar kuma ita ce a yi wa abu guda siffa uku ko huɗu, mai nauyi idan yana kusa, mara nauyi idan ya yi nisa. Wannan ya shafi ƙasar nan kai tsaye, domin yawancin wayoyin da ke hannun jama'a masu sauƙin kuɗi ne, irin su Tecno da Itel. Wasan da bai yi aiki a kansu ba, to, bai iso wurin talaka ba.

Dangane da kayan aiki, akwai Maya da ZBrush waɗanda ake biya, akwai kuma Blender, wanda Ton Roosendaal ɗan ƙasar Holan ya ƙirƙira, aka sake shi kyauta a 2002. Ke nan kuɗin manhaja bai zama shamaki ga ɗalibi ba. Kamfanoni kuwa aikin hannun mutum suke fara dubawa kafin takardar shaidarsa.

Sai dai bai kamata a ɓoye ɗaya gefen ba. Sana'ar ba ta da tabbas. A shekarun 2023 da 2024 an sallami dubban ma'aikata a masana'antar wasanni. Kamfanin Unity kaɗai ya ba da sanarwar rage kimanin mutum 1,800 a watan Janairun 2024. Bugu da ƙari, manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun fara fitar da siffofi cikin ɗan lokaci, ko da yake sau da yawa sai gwani ya gyara su kafin waya ta iya ɗauka.

A taƙaice, ɗalibin da ke sha'awar wannan hanya ya fara da koyon zane da ƙirar jikin mutum da na dabba, ya kuma riƙa gwada kowace siffa da ya ƙera a kan waya mafi rauni da zai samu. Hukumomin ilimi kuma ya kyautu su haɗa sashen zane-zane da na kimiyyar kwamfuta a kan darasi guda, su tanadi wutar lantarki da na'urori, domin kada matasan ƙasar nan su tsaya ga sayen wasannin da wasu suka ƙera.

Allah ya sa a dace.