Lemu Ba Ya Nuna a Buhu



Ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan ta san tumatir, ta san rake, amma yawancin lemun da muke sha daga Binuwai yake zuwa, a manyan motocin da ke wucewa kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa a Kano. Shi ya sa mai lambu a nan, in ya dasa lemu, yakan ɗebe shi da hannun tumatir. Maganata ita ce, a ranar ɗiba ake tafka mafi yawan asarar da muke ɗora wa hanya da dillali.

Tumatir da mangwaro da ayaba, in sun ƙosa aka tsinke, sukan ƙarasa nuna a kwando. Lemu kuwa zaƙin da ya baro reshe da shi ke nan har a sha shi, domin ganye ne ke tura masa sukari, kuma a kan bishiya tsaminsa ke raguwa. Launi ma ba shaida ba ne. Sanyin dare ke kore koren ɓawo, don haka lemun da ya nuna a lokacin zafi yakan zauna kore shar alhali cikinsa zuma, wanda hunturu ya buga kuma ya yi rawaya da sauran tsaminsa. Abin yi shi ne a tsinko kaɗan daga gefe-gefen bishiya, na rana da na inuwa, a yanka, a ɗanɗana, a duba yawan ruwa.

Sai yadda ake sauke shi. Girgiza reshe ko kakkaɓa da gora yana fasa ƙananan ƙwayoyin man da ke cikin ɓawo, man ya ƙone fatar, ta yi tabo. Ta wannan rauni hunhuna ke shiga, ɗaya ya ruɓe ya shafa wa na kusa da shi. Haka in aka ɗiba da asuba raɓa ba ta bushe ba. A jira hantsi, a hau tsani, a murɗa a tsinke, ko a yanke hannun da almakashi gab da ɓawo don kada ya soki wani, sannan a ajiye a inuwa.

Wani zai ce wannan aiki yana cin kuɗin ƙwadago, dillali kuma buhu yake ƙirgawa, ba ruwansa da tabo. Gaskiya ne a cinikin farko. Sai dai dillali ya san abin da yake zubarwa in ya kwance buhu a Kano, kuma tun a bakin lambu yake cire wannan asara daga farashi, ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Wani kuma zai ce buƙata ce ke sa a sayar da lambu sukutum tun lemu na ɗanye. Wannan uzuri ya fi ƙarfi, ba na kuma raina shi. Amma lemu, saɓanin tumatir, yana iya zama makonni a reshe bayan ya nuna, don haka mai shi na iya ɗiba kashi-kashi gwargwadon buƙatarsa. Cibiyar binciken noma ta Samaru, wadda aka kafa a 1922, tana nan kusa da mu a Zariya. Haƙƙinmu ne mu nemi malaman gona su zo su nuna wannan a gindin bishiya kafin kakar lemu mai zuwa.